Ana iya zama nas daga ɗaka, da goyo a baya?

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24, na gama sakandare kafin a yi min aure. Ina da yara biyu, babban shekararsa uku, ƙaramar kuma watanta bakwai, tana shan nono. Tun ina yarinya nake sha'awar aikin jinya. Maigidana ya amince in yi karatu, amma da sharaɗin daga gida zan yi saboda yara. Na ga tallar wata makaranta a Facebook wai ana karatun nas ta waya cikin wata 18. Kuma akwai maƙwabciyarmu nas, tana yin digirinta daga gida a NOUN, wato jami'ar gwamnatin tarayya ta karatu daga nesa. Shin zan iya bin irin hanyarta? Yaya kuma ake haɗa wannan karatu da raino?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yara, ya kuma saka wa maigidan da alheri, don amincewar da ya yi ba ƙaramin abu ba ne. Tambayoyi biyu kika haɗa wuri ɗaya. Ta farko, shin wadda ke da takardar sakandare kawai za ta iya zama nas ta hanyar karatu daga nesa? Ta biyu, idan an shiga karatun, yaya ake yi da yara? Zan fi daɗewa a kan ta farko, domin a nan ne ake yi wa mata asarar kuɗi da shekaru. Ni nas ce kuma ungozoma, ina koyarwa a makarantar jinya, digirina kuma daga nesa na yi shi ina goyo, don haka ba labari nake ba ki ba.

Hanyar maƙwabciyarki ba taki ba ce tukuna

Maƙwabciyarki ta riga ta zama nas kafin ta shiga NOUN, kuma bambancinku ke nan. A Najeriya, wanda ke ba mutum izinin taɓa majiyyaci da sunan nas ko ungozoma shi ne Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NMCN. Ita ke tantance makarantu, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita ke ba da lasisi. Digirin jinya da ake yi daga nesa, ko a NOUN ne, ko a cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ko ta LAUTECH da ke Ogbomosho, duk an tsara shi ne don wadda ta riga ta mallaki wannan lasisin. Cikin takardun da za a fara tambayarki wajen neman gurbi har da shaidar rajistarki da hukumar. Idan babu, ba za a ma duba sauran ba. Ƙarin ilimi ne ake ɗora wa wadda hannunta ya riga ya faɗa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rabin aikinmu a kai yake, rabi a hannu da ido da hanci. Zan iya turo miki da bidiyo goma na yadda ake sa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ki kalla har ki haddace. Amma ranar da aka kawo miki yaro ɗan shekara ɗaya da ya kwana yana gudawa da amai, idonsa ya faɗa, fatarsa in kin ja ba ta komawa, jijiyoyinsa duk sun ɓuya, uwarsa na tsaye a kanki tana salati, a nan za ki san bidiyo bai koya wa yatsunki komai ba. Sai wata babba ta kama hannunki ta ɗora a bayan hannun yaron, ta ce miki danna a hankali, kin ji wannan abu mai laushi da ke motsi? Nan ne. Sai kin kuskure sau da yawa a gabanta kafin a bar ki ke kaɗai. Haka juya majiyyaci don kada ya yi gyambon kwanciya, haka sa robar fitsari, haka gane cewa jinin da mai jego ke zubarwa ya wuce na al'ada tun kafin awo ya nuna. Shi ya sa ɗalibar jinya ke yawo da littafin da ake sa mata hannu a kan kowane aiki da ta yi a asibiti, shi ya sa kuma jarrabawar hukuma ke da ɓangare biyu: na kwamfuta, da na aiki, inda za ki bi tasha-tasha kina nunawa da hannunki, mai jarrabawa na tsaye da takarda yana duba ko kin wanke hannu kafin ki fara.

Batun tallar Facebook kuwa, ki rufe ta. Ba a karatun nas daga farko cikin wata 18, balle ta waya. Wata yarinya ta taɓa zuwa min ofis da takardarta a leda, an yi mata ado da hatimi mai ruwan zinare. Ta yi kusan shekara biyu a wata makaranta da aka buɗe a gidan haya, an ɗinka musu fararen kaya, har bikin yaye ɗalibai aka yi da ɗaukar hoto. 'Yan kunnen gwal ɗin aurenta ta sayar ta biya kuɗin. Ta zo ne tana tambayar yadda za ta karɓi lasisi. Da na tambaye ta lambar rajistar da hukuma ke bai wa ɗalibi tun yana makaranta, wadda muke kira indeksin, sai ta ce ba ta taɓa jin sunan abin ba. Ban san lokacin da na ajiye biro na yi shiru ba. Babu abin da zan iya yi mata sai in ce ta koma farko. Irin waɗannan takardu iyakarsu a ɗauke ki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a riƙa ba ki abin da bai taka kara ya karya ba, ranar da aka samu matsala kuma ke za a fara kamawa da laifin aikin jinya ba izini.

Duk makarantar da za ki nema, ki duba sunanta cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su a shafinta na intanet. In kina kokwanto, zuwa da kai ya fi saƙo: maigida ya je ma'aikatar lafiya ta jiharku, ofishin daraktan aikin jinya, ya tambaya. Wani abin lura kuma, a jami'o'in karatu daga nesa akwai kwasa-kwasan lafiya da mai takardar sakandare ke iya shiga, kamar lafiyar al'umma. Karatu ne mai kyau da amfaninsa, amma ba ya mai da mutum nas. Mata da yawa sai sun kai tsakiya suke gane haka.

Abin da za ki iya yi daga gida yanzu

Kada ki ji kamar na rufe miki ƙofa. Akwai aikin da za ki yi a ɗakinki cikin wannan shekarar da kike shayarwa, kuma shi ne tushen komai. Ɗauko sakamakonki na WAEC ko NECO ki duba. Ana bukatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. A cikin matan da ke zuwa wurina, kemistiri da fiziks ne suka fi kayar da su. In akwai giɓi, ki yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ki cike shi. Wannan kam ana shirya masa daga gida, da tsofaffin takardun tambayoyi da malamin da zai riƙa zuwa sau biyu a mako. Daga nan sai JAMB, domin yanzu yawancin makarantun jinya sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babba, shekara huɗu gaba ɗaya, kuma ta JAMB ake shiga. Digirin jami'a na zaman aji shekara biyar ne. Akwai kuma kwas ɗin jinya ko ungozoma na karkara mai shekara biyu, wanda ake ɗaukar mace daga ƙaramar hukumarta don ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Lasisinsa bai kai na cikakkiyar nas ba, amma halastacce ne, kuma ana iya ɗorawa a kai daga baya.

In kin yi lissafi, kafin ki gyara takarda ki ci JAMB a kira ki, ƙaramar ta kusa yaye, babban ya shiga makaranta. Wato lokacin da kike ganin kamar kina zaune ne, shi ne ya fi dacewa da wannan shiri.

Sai dai fa makarantar kanta dole a je ta. Watannin farko sun fi kowanne zafi, don a ƙarshensu akwai jarrabawar tacewa, wanda ya faɗi sai gida. Bayan nan akwai zaman asibiti, har da kwanan aiki. Wasu makarantun Arewa suna da ɗakin raino da masauki na masu goyo. Shirin nan na horar da mata ma'aikatan lafiya da gwamnatin Birtaniya ta tallafa wa daga 2012 zuwa 2020 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya taimaka wajen samar da irin waɗannan, saboda an gane cewa rashin mai riƙe yaro na cikin manyan abubuwan da ke hana matan aure kammala karatu. Ki tambaya a makarantar da ta fi kusa da ku ko suna da shi, kuma ko ana barin matar aure ta riƙa zuwa daga gida.

Wannan ya kawo mu kan maigida. Sharaɗin da ya gindaya ya nuna bai san yadda karatun yake ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ki zauna da shi ki faɗa masa gaskiya tun yanzu: akwai fita kullum, akwai ranar da za ki kwana a asibiti, akwai jinyar maza a lokacin horo ko da daga baya ɓangaren mata za ki zauna. In da hali ki nemi wata nas mai aure, mai mutunci a idonsa, ta yi masa bayani ita da mijinta. Na ga mata da suka ɓoye wannan suna cewa in an fara zai saba. Wasu sun dace. Wasu kuma a shekara ta biyu aka ce su zaɓa tsakanin aure da makaranta, bayan an kashe kuɗi an sha wahala. Ke kika san mijinki da gidan da kika shiga, ni ban shiga ba, amma ban taɓa ganin inda ɓoye wannan maganar ya sauƙaƙa ta ba.

Yadda karatu daga nesa yake da gaske

Tunda wata rana, in Allah ya so, za ki kai matakin maƙwabciyarki, kuma na san akwai masu lasisi da za su karanta wannan, bari in faɗi yadda na same shi. Karatu daga nesa yana rage miki zirga-zirga ne kawai, ba ya rage yawan abin da za ki karanta. Mai lasisi daga aji na biyu take farawa, saura shekara huɗu ke nan in komai ya tafi daidai. Nawa bai tafi daidai ba, na ƙara zango guda saboda haihuwa. Kuma kalmar "daga gida" tana da ruɗi. Littattafai da aikin gida ta intanet suke, gaskiya ne. Amma jarrabawa sai kin je cibiya da ƙafarki, akwai makonnin horo a asibiti, akwai binciken ƙarshe da mai duba ki zai so ganin fuskarki.

Babbar matsalar da na fuskanta ita ce babu wanda ya yarda karatu nake. Wadda ta sa yunifom ta fita, kowa ya san ta tafi makaranta. Wadda ke zaune bakin gado da waya a hannu kuwa, a idon mutanen gida hira take. Baƙuwa za ta yi sallama ta zauna har la'asar, suruka ta aiko a dama mata kunu, yaro ya zo ya haye cinya. Ba za ki ce da kowa ya tafi ba. Da na ga haka sai na daina faɗa da rana, na bar musu ita. Nakan kwanta da yara bayan isha'i, in tashi ƙarfe uku da rabi, in yi karatu har kiran assalatu. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ke nan, kullum, sai ranar da na yi kwanan aiki. Na gwada raba dare ina karatu bayan kowa ya kwanta, amma kan da ya yini yana aiki ba ya riƙe komai. Zan karanta shafi uku na ilimin magunguna, gari ya waye ko layi ɗaya ban tuna ba. Da rana kuwa abin da nake yi shi ne in naɗi muryata a waya ina karanta taƙaitaccen bayani, in kunna ina wanke-wanke ko ina tuƙa tuwo. Ɗana har ya haddace sunayen ƙasusuwan hannu yana rerawa kamar waƙar gaɗa.

Wuta da data su ma ki sa su a lissafin kuɗin makaranta. Ki sauke duk littattafan zango a kan waya tun makon farko, ki buga masu wuyar a takarda, ki ajiye su inda hannun yaro ba ya kai. Nawa na fiziyoloji an taɓa yi masa wanka da koko. Aikin gida na intanet kuma kada ki bari sai ranar ƙarshe, don ranar ce shafin ke cunkushewa, ranar ce kuma za a ɗauke wuta. Sau ɗaya na yi wannan ganganci, makin ya tafi, babu wanda zan kai wa kuka.

Game da raino, abin da na koya shi ne ba kullum kike bukatar mai taimako ba, amma akwai makonnin da in babu ita kin faɗi. Da zarar jadawalin zango ya fito, ki zana makonnin jarrabawa da na asibiti, ki nemi wadda za ta riƙe yara tun da wata biyu, ki kuma tanadi ta biyu don in ta farko ta samu uzuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jarrabawar da na yi 'yata na wata huɗu, ƙanwata na ɗauka muka tafi tare. Ta shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiyar darbejiya a harabar cibiyar, ni ina ciki. Ina cikin rubutu na jiyo kukan, na kuma san nata ne cikin kukan yara uku da ke wajen, nono ya tsatso har ya jiƙa min hijabi. Na gama takarda ta farko, na fito na shayar da ita a tsaye ina duba bayanan ta biyu a ɗaya hannun. Mu huɗu ne masu goyo a wannan zangon, daga baya muka haɗa kai, duk wadda ba ta da takarda a ranar ita ke zama da yaran.

In za ki bar jariri a gida, ki koyi tatsar nono tun kafin ranar, kada ki fara da safiyar jarrabawa. A zuba a kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi. A ɗaki mai sanyi yana kai awa huɗu, a firij mai tsayayyar wuta kwana huɗu, amma a zafin Afrilu irin namu, da wutar da ke zuwa tana tafiya, ki rage wannan lissafin sosai. A ba shi da kofi ko cokali. Wata shidan farko nono zalla ake so, ko ruwa ba a haɗawa, kuma karatu ba dalilin karya wannan ba ne. Taki ta wuce nan, ta fara cin abinci, don haka naki ya zo da sauƙi.

Akwai maganar da ba a cika son yi ba, amma ni ungozoma ce, zan yi ta. Abin da ya fi katse wa ɗalibaina karatu ba wuyar darasi ba ce, ciki ne a kan goyo. Laulayi da zaman asibiti da jarrabawa in suka haɗu, taura uku ke nan a baki ɗaya. Ku tattauna tazarar haihuwa ke da maigida, ku je asibiti a duba wadda ta dace da jikinki, don ba kowace hanya ce ke karɓar kowace mace ba, kuma ba zan zaɓa miki daga nan ba tare da na auna ki ba. In kuma cikin ya zo, ba ƙarshen duniya ba ne. A nan karatu daga nesa ya fi na aji rangwame, don ana iya rage yawan kwasa-kwasai ko a jingine zango. Sharaɗin kawai ki rubuta a hukumance, kada ki ɓace shiru. Ni da na yi taurin kai na ɗauki kwas tara da tsohon ciki, biyu na faɗi, ɗaya ma ranar jarrabawarsa ina asibiti da ɗana yana zazzaɓi.

Ban kawo miki adadin kuɗin makaranta ba da gangan, saboda yana sauyawa kusan kowace shekara, haka ma makin JAMB da kowace kwaleji ke yankewa. Waɗannan daga bakin makarantar za ki ji su. Duk abin da na faɗa kuma tsarin Najeriya ne. 'Yan'uwanmu na Nijar da Gana da Kamaru kowa da hukumarsa da dokokinta, sai su bincika a can.

Kafin ki kashe ko sisi, ga gwajin da nake ba duk wadda ta zo min da irin tambayarki. Littattafan darussan NOUN suna nan kyauta a shafinsu, kowa na iya saukewa. Ki sauke na ilimin sassan jikin ɗan'adam, ki haɗa da littafin kemistiri na sakandare. Ki zaɓi awa biyu a rana, ki riƙe su mako huɗu, kina sa alama a kalanda duk ranar da kika cika. In wata ya ƙare ki ƙirga alamomin, ki duba ranakun da kika rasa, ki rubuta abin da ya hana ki a kowace: baƙi ne, barci ne, rashin wuta ne, ko ciwon yaro. Wannan takardar ce za ki ajiye a gaban maigida ranar da za ku zauna maganar makaranta, tare da sakamakonki na sakandare da sunan kwalejin da ta fi kusa da ku.